Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da ƙaramar bas mai ja da ƙafa huɗu da sanya mata injin dizal

Ranar da injin dizal ya tashi a cikin bas ɗin da ta fito daga kamfani da injin fetur, kowa a gareji murna yake yi, mai mota kuma ya fara tambayar yaushe zai zo ya ɗauka. Alhali ko rabin aikin ba a yi ba. Yawancin ɓarnar da ake tafkawa a wannan aiki ba ta nuna kanta lokacin da mota ke tsaye tana sulo. Sai an loda mata kaya, an hau titi, an zo gangara.

Shi ya sa zan fara da birki, don shi ne kuskuren da ke kashe mutum. Baƙar tukunyar nan da ke bayan fedar birki, wadda makanikai ke kira busta, da zuƙar iska take aiki. Injin fetur yana ba ta wannan zuƙar a kyauta, saboda akwai murfi a hanyar iskarsa da ke rufewa idan an saki totur. Yawancin injinan dizal ba su da wannan, sai an haɗa musu famfon zuƙa na musamman. A tsofaffin injinan Toyota irin su 3L da 5L, famfon a bayan altaneta yake maƙale. Sai ka ga an sayo inji babu altanetarsa, an ɗaura ta fetur tunda ita ma tana cajin batir, birki kuwa ya koma kamar dutse. Gwajin ba wuya: a kashe inji, a yi ta taka birki har fedar ta yi tauri, a riƙe ta a take, sannan a tayar da inji. Idan ba ta ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafa ba, kada motar ta bar gareji. Ko dai a nemo famfon, ko a koma irin bustar da ke aiki da man famfon sitiyari, wadda ta fi dacewa da manyan motoci.

Na biyu a muni shi ne haɗa aksul na gaba da na baya da haƙoransu ba su yi daidai ba. Mutum ya samu aksul mai kyau na wata mota, ya auna faɗi ya ga ya zauna, shi ke nan ya saya. To, idan lissafin haƙoran na baya 4.10 ne (wato haƙoran babban faifai a raba da na ƙarami) na gaba kuma 3.73, tayoyin gaba za su riƙa neman yin gudu fiye da na baya da kusan kashi 10 cikin ɗari duk lokacin da aka saka ƙafa huɗu. A cikin yashi ko laka taya za ta ɗan zame ta ɓoye laifin. A ƙasa mai tauri kuwa babu inda wannan bambanci zai tafi sai cikin ƙarfe: akwatin raba ƙarfi, wato giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya, ya fara kuka, ya ƙi fita daga giya, daga nan sai farfela (sandar da ke kai ƙarfi ga aksul) ko haƙori ya karye. Kada a yarda da bakin mai sayarwa, kada ma a yarda da ɗan ƙarfen da ke liƙe a jikin murfi, don ana canja kayan ciki a bar shi. A buɗe a ƙirga. Haƙora 41 a babban faifai da 10 a ƙarami shi ne 4.10, 41 da 11 shi ne 3.73. Haƙori ɗaya tak ne tsakaninsu, ido ba zai gane ba. Tayoyi huɗun ma dole girmansu ya zo ɗaya, har da tayar ajiya.

Ko komai ya yi daidai, direba na iya lalata shi. Akwatin da ke kulle gaba da baya wuri ɗaya ba a yi shi don busasshiyar kwalta ba, saboda a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya mai nisa. Wanda yake so ya bar ƙafa huɗu a sake kullum, tun farko ya nemi akwatin da ke da difaransha a tsakiya, wato giyar da ke barin gaba da baya su juya da gudu daban-daban.

Sai maganar zaɓen inji, inda son girma ke cin mutane. Cummins 6BT mai lita 5.9 inji ne da ba ya gajiya, amma nauyinsa ya kai wajen rabin tan. A ɗora wannan a hancin bas, a ƙara aksul na gaba da akwatin raba ƙarfi da farfela ta biyu, sai a wayi gari gaban motar ya wuce nauyin da kamfani ya rubuta a ɗan allon da ke jikin ƙofar direba tun fasinja ko ɗaya bai shiga ba. A hau sikeli kafin aiki da bayansa, gaba daban baya daban, a zaɓi sifirin da taya bisa abin da sikeli ya nuna. A ganina ƙaramin inji mai tobo ya fi wa yawancin bas-bas alheri. Kuma dizal ba ya juyawa da sauri kamar fetur, ƙarfinsa a ƙasa yake. Idan aka bar masa giyar fetur yadda take, zai yi ta ihu a kilomita 100 a awa, ya sha man da aka yi aikin don a rage. Wannan ƙarfin na ƙasa shi ne kuma ke cinye kuloci da giyabos ɗin da ba a ƙera don shi ba. Inda hali, a ɗauko inji da giyabos ɗinsa tare.

A gaskiya wannan shawara ta wuce giyabos. Mafi arha a ƙarshe shi ne a sayi mota guda da ta yi haɗari ko bodinta ya ruɓe, mai irin injin da irin ƙafar da ake so, a ajiye ta kusa ana cirowa: wayoyi, ƙwaƙwalwa (kwamfutar inji), makulli, feda, kujerun inji, har ƙananan ƙusoshi. Injinan zamani irin su 2KD da 1KD na Toyota, da yawansu ba sa tashi sai ƙwaƙwalwa ta gane makullinta, kuma mutane da yawa sun sayi inji tsirara suka yi watanni suna farautar waya ɗaya. Dubi yadda kamfanoni da kansu suka yi. Da Volkswagen ya so bas ɗinsa T3 mai ƙafa huɗu, wato Syncro, Steyr-Daimler-Puch na birnin Graz a Ostiriya ya ba aikin daga 1985 zuwa 1992, kuma sai da aka ɗauke tankin mai daga gaba aka mayar baya don a samu wurin difaransha. Hiace da Delica ma suna da waɗanda suka fito da ƙafa huɗu tun daga kamfani, kuma sau da yawa sayen irinsu ya fi yanka wadda kake da ita.

Wuri shi ne babbar rigimar bas. Kaskon baƙin mai da difaranshar gaba suna son zama a wuri ɗaya, sai makanike ya ɗaga motar sama don ya raba su. Kowane inci da aka ƙara, doguwar mota mai siririn jiki na ƙara kusantar kifewa a kwana. Gara a gyara kaskon tare da bututun da ke tsotso mai daga cikinsa, a ɗaga mota iya abin da ya zama dole. Bayan ɗagawa, sandar sitiyari da sandar da ke riƙe aksul kada ya yi gefe su kwanta a layi ɗaya. In sun saɓa, duk ramin da aka faɗa sitiyari zai fizge da kansa. A duba tiyon birki da motar a ɗage ƙafafu na lilo, sitiyari a karye har ƙarshe, don a nan ne gajeren tiyo ke tsinkewa. Farfela mai karkata da yawa kuwa za ka ji ta a ƙasan kujera, kuma ba balansin taya zai magance ta ba.

Tanki a sauke shi a wanke, a cire famfon fetur da ke ciki idan ƙarfinsa bai dace ba, a ja layin da mai zai riƙa komawa, a sa matata mai raba ruwa. Tankin da aka shafe cikinsa da zinki bai dace da dizal ba. A rubuta DIZAL ɓaro-ɓaro a murfi, domin fetur kaɗan ya isa ya cinye famfon injin zamani da ke aiki da matsin da ya haura 1,500 a ma'aunin matsi na bar. Batir da kebur ɗin kik su ƙaru, tunda matsin dizal ya kusa ninka na fetur. Lagireto ma haka, musamman a bas ɗin da injinta ke ƙarƙashin kujera inda iska ba ta wadata.

Takardu ne ake bari sai ƙarshe, alhali da su ya kamata a fara. A Ingila dole a sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci, canjin inji da na irin mai, a Kalifoniya ta Amurka kuma ba a yarda injin ya girmi motar a shekarar ƙira ba. Kamfanin inshora da ba a gaya masa ba na iya ƙin biya ranar haɗari. Idan mota ta fara fita, a dawo da ita bayan 'yan kilomita ɗari a sake ɗaure ƙusoshin sifirin, na farfela da na kujerun inji, a kuma bi duk inda aka yi walda da fitila ana neman tsaga.