Yadda ake ɗinka rigar matan Apache

Ƙabilar Apache tana zaune a jihohin Arizona, New Mexico da Oklahoma na ƙasar Amurka, kuma tun ƙarshen ƙarni na 19 matansu suka rungumi yadin auduga bayan sun daɗe suna sa tufafin fatar barewa. Telan da ke Agege ko Idi-Araba a Legas zai iya ɗinka wannan shiga idan ya kiyaye tsarinta.

A nemi yadin auduga marar nauyi mai ƙananan furanni a kasuwar Balogun, a kuma saya da yawa, domin kyan shigar yana cikin yalwarta. A yanka siket ya kai idon sawu, a tattare shi sosai a ƙugu, sannan a kewaye ƙasansa da layuka na kirtani mai launi daban. Rigar sama ita ce ke buƙatar haƙuri: ana fara ɗinka ƙyalle mai kusurwa huɗu a kafaɗa da ƙirji, a tattaro jikin rigar a ƙarƙashinsa, a bar ta sakakkiya ta sauko bisa siket, ba a cusa ta ciki.

Takalminsu na fata ne mai kaiwa gwiwa, gabansa wajen yatsu a lanƙwashe sama don kariya daga ƙaya, kuma dukawa za su iya yin irinsa.

Ina roƙon kada a kwaikwayi rigar fata mai tuntaye da ake sa wa yarinya a bikin balagarta na kwana 4, domin abin ibada ce a wurinsu.