Yadda ake shan garin furotin na ruwan madara ba tare da an cuci jiki ba

Idan aka tsinke madara don yin cuku, akwai wani ruwa mai ɗan rawaya da ke tsatsowa. Shi ake tacewa a busar, a zuba a gwangwani a rubuta masa whey. Kusan kashi 20 cikin ɗari na furotin ɗin madarar saniya a wannan ruwa yake. Jiki na narkar da shi da sauri, kuma yana ɗauke da lusin mai yawa, sinadarin da ke zaburar da tsoka ta gyara kanta bayan an gajiyar da ita. Aikin wannan gari shi ne cike gibin furotin da abinci ya bari, don haka matakin farko shi ne gano ko akwai gibin ma.

Na farko, yi lissafi kafin ka saya. Baligin da ba ya motsa jiki sosai yana buƙatar kamar giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 70 ke nan giram 56 ya ishe shi. Wanda ke ɗaga ƙarfe don gina tsoka yana buƙatar wajen giram 1.6 a kowane kilo, wato giram 112 ga wannan mutumin. Dattawa, waɗanda tsokarsu ke zaizayewa da shekaru, ana so su samu giram 1 zuwa 1.2 a kowane kilo. To, sai ka duba abin da kake ci. Ƙwai ɗaya na da kamar giram 6, kofin madara giram 8, giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza kuwa kusan 30. Mutane da yawa idan suka haɗa wannan sai su tarar abincinsu ya riga ya cika ma'auni. In haka ne, ajiye kuɗinka. Kifi, wake da ƙwai suna zuwa da wasu abubuwan gina jiki da garin ba shi da su.

Na biyu, tabbatar jikinka zai ɗauka. Nan ne nake so mai karatu ya tsaya sosai. Wanda ke da ciwon ƙoda kada ya taɓa shi sai da izinin likita, domin ƙoda ce ke fitar da dattin da furotin ke bari a jini, kuma raunanniyar ƙoda ba ta son ƙarin kaya. Abin damuwar shi ne ciwon ƙoda yakan daɗe bai nuna alama ba. Mai ciwon suga ko hawan jini ya fara yin gwajin jini da na fitsari tukuna. Mai lafiyayyar ƙoda kuma, shan daidai misali ba a san shi da yi mata illa ba.

Wanda madara ke sa wa ƙaiƙayi, borin jini, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, ya nisance shi gaba ɗaya. Wannan daban yake da wanda madara ke kumbura wa ciki kawai saboda sukarin da ke cikinta, shi yana da mafita a mataki na gaba. Mai shan levodopa na cutar karkarwa, ko magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su tetracycline da ciprofloxacin, ya tambayi likita ko mai harhaɗa magani tazarar da zai bari, don garin na iya rage shigar maganin jiki. Mai ciki da mai shayarwa su nemi shawara. Jariri kuwa sam ba abincinsa ba ne.

Na uku, karanta jikin gwangwanin. Wanda aka rubuta wa concentrate yakan kai kashi 70 zuwa 80 na furotin, da ragowar sukarin madara. Isolate ya kai kashi 90, sukarin kaɗan ne ƙwarai, shi ya fi dacewa da mai kumburin ciki. Hydrolysate an riga an farfasa shi, ya fi tsada da ɗaci, kuma yawancin mutane ba sa buƙatarsa. Cokalin awo ɗaya na giram 30 ya kamata ya ba ka furotin giram 20 zuwa 25. Idan ka ga ƙasa da haka sosai, an cika shi da sukari ko sitaci ne. Irin waɗannan kaya ba a tantance su kamar magani kafin su shiga kasuwa, ko a Amurka, don haka nemi tambarin masu gwaji masu zaman kansu kamar NSF ko Informed Sport, ka kuma duba hatimin murfi da ranar lalacewa.

Na huɗu, haɗawa. Fara zuba ruwa mai sanyi ko madara, sannan garin, ka girgiza. Ruwan zafi na sa shi gudaji. A kwanakin farko rabin cokalin awo ya isa, ka ga yadda cikinka zai yi. Kada ka damu da zancen dole a sha nan take bayan atisaye. Jimillar abin da ka samu a yini ta fi muhimmanci, musamman idan ka rarraba shi tsakanin safe, rana da dare. Abin da ka dama ka shanye a lokacin, ka wanke kwalbar, don saurin yin tsami gare shi.

Na biyar, lura da kanka. Garin shi kaɗai ba ya gina tsoka, sai an sa ta aiki an kuma samu barci. In babu atisaye, ƙari ne kawai a kan abincin da ka ci, yana iya zama ƙiba. Wasu kan ga ƙurajen fuska sun ƙaru, wasu iska ko gudawa. Rage yawan, ko ka koma isolate. Idan kuma ka ga ƙafa ta kumbura ko fitsari na yawan kumfa, dakatar da shan ka je asibiti a duba ƙodarka.