Yadda za ka zaga kufan Turunku da ƙafa

Turunku, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Igabi a Jihar Kaduna, nan ne aka ce Bakwa Turunku, mai sarautar Zazzau a da, ya zauna kafin sarautar Zazzau ta koma Zariya a ƙarni na 16.

1. Bari sai hunturu, bayan an kau da amfanin gona. Da damina ciyawa kan rufe sawun tsohuwar ganuwa, duwatsun ga santsi.

2. Tambayi direbobin tashar Kawo da ke Kaduna lafiyar hanya tun ana gobe za ka tafi. Ka yi sammako.

3. Da isarka, fara gaida mai unguwa: "Ranka ya daɗe, baƙi ne, kufai muka zo gani." Shi zai haɗa ka da ɗan gari ya yi maka jagora. Ka tanadi ɗan goron da za ka ba shi. Wanda ya tsallake wannan gaisuwa, ni dai ban ga abin da zai gano ba, sai duwatsu kawai.

4. Sa kambas, silifas ba za su kai ka ba. Riƙe gorar ruwa da dabino.

5. Hau duwatsun a hankali, kana duban ƙasa. In ka ga tsingaro ko tsohon dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya, ɗauki hoto, ka bar shi inda yake. Kada ka zura hannu cikin kogo, saboda macizai.

6. Sauko kafin azahar.