Yadda Ake Ɗaukar Bidiyon Tafiyar Jirgin Kaya Daga Ɗakin Direba

Akwai mutane da dama a duniya waɗanda za su zauna awa uku ko huɗu suna kallon layin dogo yana tahowa yana shigewa ƙarƙashin kyamara, babu kiɗa babu mai bayani, sai gurnanin inji da ƙarar ƙafafun ƙarfe. Sha'awar tsohuwa ce, domin tun a 1897 masu ɗaukar majigi suka fara ɗaure kyamara a goshin jirgin ƙasa suna nuna wa jama'a abin da direba yake gani. A watan Nuwamba na 2009 gidan talabijin na NRK a ƙasar Nowe ya watsa tafiyar jirgi daga Bergen zuwa Oslo ɗungurungum, sama da awa 7, don bikin cikar layin shekara 100, kuma fiye da mutum miliyan 1 suka kalli wani ɓangare nata. Abin da ya kamata mai niyyar wannan aiki ya riƙe tun farko shi ne, masu kallonsa ba baƙi ba ne a harkar. Suna karanta sigina, suna lura da inda direba ya sassauta wa inji, wasunsu ma da kunne kaɗai suke gane samfurin kan jirgin da ke jan taragu. Saboda haka sai ka fahimci yadda ake tuƙa jirgin kaya kafin ka iya ɗaukarsa yadda zai gamsar da su.

Maganar izini ce ta farko. Ɗakin direba wurin aiki ne, kuma yardar direba kaɗai ba ta wadatar, ko da kuwa kai ne direban. Ka nemi izini a rubuce daga kamfanin da ke gudanar da jirgin, takardar ta fayyace ranar tafiya, da zangon da za a ɗauka, da wuraren da ba a yarda su fito a hoto ba, irin su harabar tashar jiragen ruwa, ma'aikatu da wuraren tsaro. Tsananin da hukumomi ke yi a kan na'urori a wannan ɗaki yana da dalili. A ranar 12 ga Satumba 2008, a Chatsworth ta jihar Kalifoniya, direban wani jirgin fasinja da hankalinsa ya tafi kan aika saƙo da waya ya ƙetare jar sigina, ya yi taho-mu-gama da jirgin kaya, mutum 25 suka rasu, kuma ba a daɗe ba hukumar jiragen ƙasa ta Amurka ta taƙaita amfani da irin waɗannan na'urori a bakin aiki. Ƙa'idar da za ka ɗora wa kanka ita ce, a kafa kyamara jirgi yana tsaye, a kunna ta, sannan kada direba ya sake kai mata hannu sai an tsaya cak. Idan kuwa rakiya ka yi, ka zauna inda aka nuna maka, ka kama bakinka lokacin da ake tunkarar sigina, mahaɗar titi ko tasha.

Tashin jirgin kaya ya fi kowane ɓangare na tafiya daɗin ɗauka, kuma a nan sababbin shiga suka fi yin asara, domin sukan jira sai an fara motsi sannan su kunna. Ka kunna aƙalla minti biyar kafin a tashi, don ka kama gwajin birki, lokacin da ake tabbatar da cewa birkin taragon ƙarshe yana kamawa yana saki. Tsakanin kowane tarago da na bayansa akwai ɗan sarari a jikin ƙugiyar da ta haɗa su, musamman a ƙasashen da ke amfani da ƙugiya mai kama kanta, irin wadda Eli Janney ya yi wa rajista a Amurka a 1873. Sararin kaɗan ne, amma idan taragu sun kai ɗari sai ya tashi mitoci da yawa, har kan jirgi ya yi gaba alhali wutsiya ba ta ko motsa ba. Shi ya sa ƙwararren direba ba ya buɗe wa inji wuta lokaci guda. Yakan hau matakan totur ɗaya bayan ɗaya, waɗanda guda 8 ne a yawancin injinan Amurka, yana barin kowane tarago ya ja na bayansa a hankali, domin fizga mai ƙarfi tana iya karya ƙugiya ta raba jirgi biyu. A wannan lokaci za ka ji ƙarar ƙarfe tana gudu daga kusa da kai zuwa can baya, ƙwal, ƙwal, ƙwal, tana raguwa har ta ɓace. Masu sha'awar jirgi suna komawa su saurari wannan wuri sau da yawa.

Ka kuma lura da abin da ke faruwa ƙarƙashin injin. Wurin da ƙafar ƙarfe take taɓa dogo bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, don haka idan an yi yayyafi ko ganye ya zube a kan layi sai ƙafafu su riƙa sulɓi, direba ya saki yashi a gabansu don su sami abin kamawa. Idan ka ji injin ya yi wani kuka na ɗan lokaci sannan ya daidaita, sau da yawa abin da ya faru ke nan, kuma ya dace ka rubuta lokacin a littafinka don ka yi bayaninsa wajen tacewa.

Birki kuwa shi ne zuciyar tuƙin jirgin kaya. Tsarin da George Westinghouse ya fito da shi a 1872 har yanzu shi ne tushe: bututun iska guda yana bi ta ƙarƙashin taragu daga kai har wutsiya, kuma rage matsin iskar da ke cikinsa ne yake sa birki ya kama, ta yadda ko jirgi ya tsinke, iskar za ta fice, ɓangarorin biyu su tsaya da kansu. A Turai ana riƙe matsin a kan 5 a ma'aunin da ake kira bar, kuma umarnin birki yana ratsa bututun da gudun kimanin mita 250 a daƙiƙa, wato a jirgi mai tsawon mita 750 taragon ƙarshe ba zai san an taɓa birki ba sai bayan daƙiƙa uku. Bayan haka, a tsarin da aka keɓe wa jiragen kaya masu nauyi, birkin yana ɗaukar daƙiƙa 18 zuwa 30 kafin ya gama kamawa, sakinsa kuma ya kai daƙiƙa 45 zuwa 60. Jirgi mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya. Wannan ne ya sa direban jirgin kaya yake tuƙa hanyar da bai kai ba tukuna: tun yana kan tudu yake lissafin gangarar da ke gaba, wani lokaci rabin jirginsa yana hawa rabi yana sauka. A doguwar gangara yakan dogara ga birkin lantarki, inda injinan da ke juya ƙafafu suke komawa janareta su riƙe jirgin, domin yawan taɓa birkin iska ba tare da ba tankunan iska damar sake cika ba yana ƙarar da ƙarfinsa. Duk wannan aiki ba ya fitowa a hoto sai ta hanyoyi biyu, wato sauti da adadin gudu. Idan ka rasa su, abin da ya rage maka shi ne hoton daji yana wucewa.

To, yanzu sai kafa kyamara. Ka goge gilashin gaba ciki da waje kafin a tashi, ka liƙa mariƙin da ke tsotsar gilashi a inda ba zai tare wa direba ganin sigina ba kuma a cikin zagayen da waifa take sharewa, sannan ka ƙara ɗaure kyamarar da igiya, domin zafin rana da jijjiga suna sa mariƙi ya saki. Ka matso da bakin kyamara dab da gilashi ba tare da ya taɓa ba, ka zagaye shi da baƙin ƙyalle, in ba haka ba hasken fitilun ɗakin da farar rigarka za su riƙa yawo a kan hoton. Akwai ɗan gilashin da ake ɗaura wa kyamara don kashe ƙyalli, sai dai a kan wasu gilasan jirgi yakan fito da launuka kamar bakan gizo, saboda haka ka gwada shi kafin ka amince masa.

Abu guda da nake roƙonka kada ka manta shi ne kulle saitin nisa. Na taɓa dawowa gida da hoton awa biyu wanda babu abin da ya fito tar a cikinsa sai gawar wani ƙwaro da ya manne a gilashi jim kaɗan bayan tashi, domin kyamarar ta zaɓe shi ta ƙyale layin dogo. Ka saita ta da hannu a kan abu mai nisa, ka kulle. Haka kuma ka guji faɗaɗa hoto fiye da kima. Ƙananan kyamarorin wasanni suna lanƙwasa falwayoyi, suna sa jirgi mai jan jiki ya zama kamar yana sheƙa gudu, sigina kuma ta koma ɗan ɗigo da ba a gane launinsa. A ganina ya fi kyau a kashe saitin da ke miƙar da hoto da kansa, domin a kan kwana ana ɗaga dogon waje ya fi na ciki tsawo, kuma wannan karkacewa tana cikin abin da masana suke so su gani.

Game da gudun hoto, ka ɗauka a kan hoto 25 ko 50 a daƙiƙa a ƙasashen da wutar lantarkinsu ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, a kan 30 ko 60 kuma a inda take juyawa sau 60, don kada fitilun tasha su riƙa kyafta ido. Sababbin fitilun sigina ma sukan yi kamar suna mutuwa suna kamawa idan ƙofar da ke shigar da haske cikin kyamara tana rufewa da sauri, don haka idan kana kan 50 ka bar ta a kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ka rage hasken rana da gilashin duhu. Ka bar kyamara ta daidaita haske da kanta saboda hanyoyin ƙarƙashin dutse, amma ka sa mata iyaka. Ka kuma duba inda rana za ta kasance: tafiya gabas da sassafe ko yamma da la'asar sakaliya tana nufin rana a ido, kuma babu tacewar da za ta gyara wannan.

Sauti ya cancanci na'urarsa daban. Ka ajiye makirufo a kan soso ko roba don kada ya kwashi jijjigar ƙarfe, nesa da fanka da tagar da iska ke shigowa, ka rage ƙarfinsa yadda oda ba za ta fasa shi ba. Za ka ji wata ƙara tana maimaituwa, ta na'urar da ke tabbatar da cewa direba bai yi barci ba, wadda a Jamus sai ya amsa mata kowace daƙiƙa 30 ko jirgi ya taka birki da kansa. Ka bar ta, ɓangaren aikin ce. Maganar rediyo tsakanin direba da masu ba da hanya kuwa a cire ta, sai idan takardar izininka ta ambace ta.

Lissafin wuri da wuta mai sauƙi ne. Hoton 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa yana cin kimanin gigabayit 45 a awa, kuma jirgin kaya yakan daɗe a layin gefe yana jiran na fasinja ya wuce, don haka ka tanadi ninki biyu na abin da jadawali ya nuna. Ka haɗa kyamara da babban batir na waje, ka kare ta daga rana, domin zafi ya fi ƙarewar batir kashe ta.

Idan za ka ƙara da hoton jirgin daga waje, ka tsaya a wurin da doka ta yarda wa kowa ya tsaya. Jikin jirgi yana zarce dogo da kusan mita guda ta kowane gefe, igiya ko sarƙar da ta kwance daga tarago tana iya kaiwa fiye da haka, kuma wayar lantarki da ke sama a layuka da yawa tana ɗauke da bolt 25,000, wanda yake iya tsallakowa kan doguwar sandar makirufo tun ba ta taɓa ba. Kada ka haska wa direba fitila.

Wajen tacewa, hannu mai sauƙi ya fi. Kada ka sa kiɗa, kada ka ƙara wa hoton gudu, kuma idan dole ka yanke dogon jira, ka rubuta cewa an yanke minti kaza a wuri kaza. Ka sa sunan kowace tasha da mahaɗa a ƙasan hoto da ƙananan haruffa, tare da adadin gudu daga na'urar GPS, ka tuna cewa takan ɓata a ƙarƙashin dutse. A bayanin da ke tare da bidiyon ka faɗi samfurin kan jirgi, yawan taragu, tsawo da nauyi, domin kilomita 40 a awa a kan tudu ba ta da ma'ana ga mai kallo sai ya san tan nawa ake ja. Ka dusashe fuskokin ma'aikatan da ba su ba ka izini ba. Idan kuwa kyamara ta kama haɗari ko wani ya kusa halaka a mahaɗar titi, hoton ya zama na masu bincike, sai ka miƙa wa kamfani, kada ya hau intanet. Sannan idan an iso, kada ka yi saurin kashewa. Ka bar ta ta ƙara minti ɗaya ko biyu bayan jirgi ya tsaya, har taragu su gama karo da juna daga baya, iskar birki ta gama huci, inji ya koma ƙaramar murya.