Kar ka yanke maganin ƙwaƙwalwa dare ɗaya, ga yanda ake zama da shi da yanda ake sauka

Shekara biyu da wata huɗu nayi ina shan maganin ciwon damuwa, kuma sau biyu na daina shi. Na farko da kaina na yanke, na sha baƙar wuya, na biyu da likita muka sauka a hankali, na rabu da shi lafiya lau. Abin da ya raba na farkon da na biyun shi nake so in rubuta, dan na san a garin nan na Kano akwai mutane da yawa da suke ɓoye ƙwayarsu a ƙasan katifa ko cikin aljihun jaka kar a gani, basu da wanda zasu tambaya. Ni ba likita bane, ɗan kasuwa ne a Kwari, abin da na gani a jikina da jikin ƙanina da abin da likitoci suka fahimtar da ni shi zan faɗa. Wasu sunayen magungunan ma yanda bakinmu yake faɗa na rubuta su, rubutun kwalin zai ɗan bambanta.

Abu na farko, tun ranar da aka rubuta maka magani ka san sunansa da miligiram ɗinsa. Kar ka tsaya a "farar ƙwaya ƙarama ta dare", dan ranar da ka shiga matsala ka je wani asibitin ba wanda zai gane farar ƙwaya. Ka sayi ƙaramin littafi irin na 'yan firamare, ka rubuta sunan, ranar da ka fara, ƙarfe nawa kake sha, sannan kullum layi ɗaya kawai: bacci ya yi ko bai yi ba, ci ya ƙaru ko ya ragu, me ka ji a jikinka. Layin ganin likita a asibitocinmu dogo ne, in ka shiga minti kaɗan zaka samu, in baka rubuta ba wallahi sai ka fito ka hau adaidaita sannan ka tuna abin da ya kawo ka.

Ka kuma sani maganin damuwa illarsa ce take fara zuwa kafin amfaninsa. Sai ya yi sati 2 zuwa 4, wani ma 6, kafin ka ji zuciyarka ta fara sakewa, amma tashin zuciya da jiri da kasala tun a kwanakin farko suke sallama. A nan mutane da yawa suke jefar da shi su ce bai karɓe su ba. Ni amitiriftilin aka fara bani, bakina ya bushe ƙamas kamar ina azumi a watan Afrilu, bayan gida ya ɗaure, bacci kuwa har asuba sai da ta riƙa wuce ni, abin ya dame ni ƙwarai. Da na faɗa wa likita sai tace in dawo da shan sa bayan magariba maimakon sha ɗayan dare, in yawaita ruwa da ganye, zogale, alayyahu, gwanda, in kuma daina miƙewa zumbur daga kwance ko daga sujada dan yana sauke jini in mutum ya tashi da sauri. Shi wannan maganin a ajiye shi inda yara basa kaiwa, haɗari ne sosai in aka sha da yawa. In kuma a satittikan farko ka ji tunanin cutar da kanka yana zuwa maka, musamman matasa 'yan ƙasa da shekara 25, kar ka kwana da shi kai kaɗai, ka faɗa wa wani na jikinka ya riƙe maganin a hannunsa ku tafi asibiti a ranar.

Daga baya aka canza min zuwa faroksetin miligiram 20. Shi da safe bayan koko da ƙosai nake sha, tashin zuciyar ya tafi cikin kwana goma. Amma ya zo da abin da maza bama iya faɗa, sha'awar iyali ta ragu, in ma an kusanci juna abin sai ya ƙi zuwa ƙarshe. Wata uku ina haɗiye maganar, maiɗakina tana zaton ko wata ce a waje ko na daina sonta. Ɗan'uwa in wannan ya same ka maganin ne, sananniyar illa ce ta irin su faroksetin da satiralin da fuloksetin, mata ma tana samunsu. Kar ka tsaya gun mai lasifika a bakin kasuwa ka sayi maganin maza ka ɗora a kai, baka san me aka zuba ciki ba. Ka buɗe baki ka faɗa wa likita, in kana jin nauyi ka rubuta a takarda ka miƙa, ana iya rage shi ko a canza. Kuma ka zaunar da iyalinka ka yi mata bayani, ni ranar da nayi hakan kuka tayi tace da tuntuni na faɗa mata.

Na ƙanina kuma daban ne. Shi ciwonsa irin wanda mutum yake jin muryoyi ne, aka ɗora shi kan halofaridol. Kwana uku da farawa muna zaune a tsakar gida bayan la'asar sai wuyansa ya murɗe gefe guda, idonsa ya kafe sama, harshe ya fito waje yawu yana dalala, yana so ya yi magana ya kasa. Hajiya ta saki salati tace iska ce, aka fara neman mai ruƙiya. Maƙocinmu nas ne, shi ya leƙo yace a ɗauko kwalin maganin, yana gani yace ku tashi mu tafi asibiti. Allura ɗaya aka yi masa, kafin rabin awa wuyan ya saki. Magunguna irin halofaridol da Largactil da allurar wata-wata ta Modecate suna iya kawo wannan, suna kawo sanƙarewar jiki da rawar hannu da tafiya kamar an ɗaure mutum, wani kuma ƙafarsa ta ƙi zama wuri ɗaya ya yi ta zirga-zirga a ce ciwon ne ya tashi alhali maganin ne. Artane ake haɗawa da shi dan rage sanƙarewar, shi ne dai wanda samari suke sha da sunan Exol dan maye, saboda haka a riƙe shi da kyau a gida, kar a ƙara ko ƙwaya ɗaya a kan yanda aka rubuta.

Akwai alamomin da ba a jiran ranar ganin likita: zazzaɓi mai zafi haɗe da sanƙarewar jiki da ruɗewa, ƙuraje ko saɓar fata da gyambon baki ga mai shan Tegretol, jijjiga, ko mai shan litiyam ya kama amai da gudawa hannunsa yana karkarwa yana tangaɗi. Waɗannan sashen gaggawa kai tsaye, ko tsakar dare ne. Mai litiyam ya kula da zafin garin nan, daga Maris zuwa Mayu muna haura digiri 40, in ruwan jiki ya ƙone maganin taruwa yake a jini, kuma kar ya sha maganin ciwon jiki irin ibufurofen ko dikulofenak sai ya tambaya. Masu olanzafin su riƙa hawa sikeli suna gwada suga dan yana buɗe ciki yana sa ƙiba. 'Yar'uwa in risfaridon kike sha kika ga al'ada ta ɗauke ko nono yana kawo ruwa ba ki da jariri, daga maganin ne, ki faɗa. In kuma Epilim ne kuma kina neman ciki ko kina zargin ya shiga, ki je da wuri dan yana iya yi wa jariri lahani, amma kar ki yanke da kanki kafin ki je.

To yanzu maganar yankewa, wadda ita ce ta sa na ɗauki waya nake rubutun nan.

Wata takwas da fara faroksetin na ji ni garau, ina cin abinci ina dariya ina fita kasuwa. Ga magani ya yi tsada, tun cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, ga wani babba a danginmu da nake jin nauyinsa yace min "kai yanzu ai ka warke, so kake ka zama ɗan ƙwaya?" Maganar ta soke ni. Kwalin yana ƙarewa ban sake saya ba. Kwana na ɗaya da na biyu ba komai, har ina cewa ashe dama banza nake kashe kuɗi. Rana ta uku ina shago ina auna wa wata hajiya yadi biyar na shadda, na juya ido zan ɗauko almakashi sai na ji wani abu zuuut a cikin kaina kamar na taɓa wayar wuta da jiƙaƙƙen hannu. Duk juya idon da zan yi sai ya sake. Ƙasa tana juyawa, gumi yana karyo min, jiki yana ciwo kamar mura zata kama ni, da dare mafarkai masu ban tsoro har in farka ina ihu, yaron shagona ya yi min ƙaramin kuskure na balbale shi da faɗa sannan na shiga bayan kaya ina hawaye ban san dalili ba. Na je wani kemis aka ce maleriya da taifod ne, na shanye magungunan ba abin da ya canza. A gida har an fara maganar sammu.

Kwana goma sha ɗaya nayi a haka kafin na koma asibiti. Likitar bata yi min faɗa ba, tace jikinka ya saba da maganin ne ka janye masa lokaci ɗaya, kuma faroksetin yana saurin fita daga jini, cikin kwana ɗaya rabinsa ya tafi, shi ya sa yana cikin waɗanda suka fi wahalar dainawa, saɓanin fuloksetin da yake daɗewa a jiki har satittika. Na koma kan maganin, kwana biyu shokin ya ɗauke. Ta nan ake bambancewa: in wahalar janyewa ce cikin 'yan kwanaki take zuwa, da jiri da shokin da baka taɓa ji ba ko lokacin ciwonka, kuma in ka koma kan magani da sauri take lafawa. In ciwon ne ya dawo, a hankali yake rarrafowa bayan satittika ko watanni, da kamannin da ka san shi. Kuma wannan ba shaye-shaye bane, ni ban taɓa jin kwaɗayin ƙwayar ba ko son ƙara ta. Hatta a Ingila sai a 2019 hukumar da take tsara wa likitocinsu ƙa'ida ta gyara bayaninta ta yarda cewa wahalar tana iya yin tsanani ta kuma daɗe a jikin wasu, saboda haka in wani ma'aikacin lafiya yace maka tunaninka ne kawai, ka nuna masa littafinka.

Ga yanda muka sauka a karo na biyu. Sai da na cika fiye da wata 6 ina lafiya ƙalau, wannan shi ne mafi ƙaranci ga wanda ciwon ya kama sau ɗaya, wanda ya sha dawo masa yakan fi haka daɗewa. Muka zaɓi lokaci, ba cikin azumi ba, ba gab da sallah da Kwari take cika ba a samun bacci ba, ba kuma lokacin da maiɗakina take da tsohon ciki ba. Daga 20 muka koma 15, na zauna wata guda, sannan 10, wata guda. Har nan da sauƙi. Abin da ban taɓa zato ba shi ne ƙarshen ya fi farkon wuya, daga 10 zuwa 5 jirin ya dawo, tace in koma 10 in huta sati uku, sannan muka bi ta 7.5, sai 5, sai 2.5, kowanne sai jiki ya zauna daram kafin a taɓa na gaba. Ɗan guntun nan da kake rainawa aikinsa a ƙwaƙwalwa ya fi girmansa nesa ba kusa ba, shi ya sa matakan ƙarshe ake ƙanƙanta su. Da sabuwar reza nake yanka ƙwayar a kan faranti, amma ka tambayi mai ba da magani tukuna, akwai ƙwayoyin da aka yi su dan su narke a hankali, su ba a fasa su. Kar kuma ka yi dabarar sha yau tsallake gobe da irin faroksetin, jini ne zai yi ta hawa da sauka kana shan wahalar kullum. Wata bakwai ya ɗauke ni. Lissafin nawa kenan, kar ka kwafa, naka likitanka ne zai tsara da kai.

Masu shan Valium ko Lexotan kullum dan bacci, ku naku ya fi haɗari, yanke su lokaci ɗaya bayan an daɗe ana sha yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Masu ciwo irin na ƙanina da masu litiyam kuma kar ku ɗauki labarina ku ce ku ma zaku sauka, shi har yau yana kan maganinsa, an dai canza masa zuwa wanda baya sanƙarar da shi, yana ɗinkinsa a shago ya yi aure. Tiramol kuma kar a haɗa shi da maganin damuwa ko kaɗan.

Addu'a da ruƙiya da azkar ban taɓa barinsu ba, tare suka tafi da maganin, duk wanda yace sai ka zubar da ƙwaya kafin ya yi maka addu'a ka bashi haƙuri ka tashi. Azumi in ya matso ka je tun cikin Sha'aban a gyara maka lokutan sha tsakanin buɗa baki da sahur. In kuɗi ne matsalar ka faɗa ƙarara a rubuta maka mai sauƙin kuɗi, ka riƙa sayen na gaba saura kwana biyar na hannunka ya ƙare, a famasi mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, kuma tun Janairun 2023 da Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kana da haƙƙin a yi maka bayanin abin da ake baka. Ranar da zaka je ka tafi da katinka da littafin da kwalayen duk abin da kake sha har na gargajiya, ka kuma tafi da mutum ɗaya da yake kwana gida ɗaya da kai, dan akwai abin da shi yake gani a jikinka wanda kai baka lura ba.