Yadda ake zana jadawalin hotuna a manhajar R

Jadawalin sanduna kowa ya san shi: sanda mai tsawo adadi mai yawa, gajeriya adadi kaɗan. Wanda nake son nuna maka ɗan'uwansa ne, inda ake jera ƙananan hotuna iri ɗaya a madadin sandar, kowane hoto yana wakiltar wani adadi. Ni na fi son sa idan zan nuna alƙaluma ga mutanen da ba ruwansu da ƙididdiga, domin ko wanda bai taɓa zaman aji ba zai iya ƙirga abin da ke gabansa.

Ba sabon abu ba ne. Otto Neurath da abokan aikinsa, Marie Reidemeister da mai zane Gerd Arntz, su suka tsara shi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a shekarun 1920, daga baya aka san tsarin da sunan Isotype. Dokarsu ɗaya ce ta fi muhimmanci: idan adadi ya ƙaru, hotuna ake ƙarawa, ba a ƙara wa hoton girma. Dalili kuwa, in ka ninka tsawon hoto da faɗinsa sau biyu, filin da ya ci ya ninku sau huɗu, sai ido ya ga abin da alƙaluma ba su faɗa ba. Da yawa daga zanukan da ke yawo a Facebook nan suke yin tuntuɓe.

Kafin ka taɓa kwamfuta, yanke shawarar abin da hoto ɗaya zai wakilta. Nan ne aikin yake, sauran duk bugu ne. Mu ɗauki yawan ƙananan hukumomi: Kano na da 44, Katsina 34, Zamfara 14. In ka ce hoto ɗaya ƙaramar hukuma ɗaya, layin Kano zai ɗauki hotuna 44, su tsuke har ba a gane su a waya. In ka ce biyu, Kano 22, Katsina 17, Zamfara 7. Ya yi daidai, kuma duk sun rabu ba saura.

Sai hoton. Nemi na PNG wanda ba shi da bango a bayansa, mai launi ɗaya, marar kwalliya. Kada ka ɗauko hoton kyamara. Ka sa shi a folda ɗaya da aikinka, mu ce sunansa gini.png.

A cikin R, wato manhajar ƙididdiga da ake rubuta wa umarni, ƙunshi (package) uku za ka sauke: ggplot2 mai yin zanen, tidyr mai gyara bayanai, da ggimage mai ɗora hotuna.

install.packages(c("ggplot2", "tidyr", "ggimage"))
library(ggplot2); library(tidyr); library(ggimage)

d <- data.frame(jiha = c("Kano", "Katsina", "Zamfara"), kh = c(44, 34, 14))
d$adadi <- d$kh / 2
d2 <- uncount(d, adadi, .id = "gurbi")
d2$hoto <- "gini.png"

Tsaya ka duba d2 da kyau, don dabarar duka tana cikin uncount. Layi uku ka ba shi, shi kuma ya maimaita kowane layi gwargwadon adadinsa, Kano ta fito sau 22, Katsina sau 17, Zamfara sau 7, jimilla layi 46. Sannan ya buɗe sabon shafi mai suna gurbi, ya ƙirga wa kowace jiha nata daga 1. Wato a gaskiya ba sanda muke zanawa ba. Wuri muke nuna wa kowane hoto ya tsaya, kamar yadda ake daidaita sahu, kowa kafaɗa da kafaɗa da na kusa da shi.

p <- ggplot(d2, aes(x = gurbi, y = reorder(jiha, kh))) +
  geom_image(aes(image = hoto), size = 0.04, asp = 2.5) +
  labs(x = NULL, y = NULL, caption = "Hoto 1 = ƙananan hukumomi 2") +
  theme_minimal() +
  theme(axis.text.x = element_blank(), panel.grid = element_blank())
ggsave("jadawali.png", p, width = 10, height = 4)

Wannan size ɗin yana rikita mutane. Ba inci ba ne, ba santimita ba. Kaso ne na faɗin zanen. Tunda layi mafi tsawo yana da hotuna 22, kowane hoto bai kamata ya wuce ɗaya bisa 22 na faɗin ba, kusan 0.045 ke nan. Shi ya sa na sa 0.04, a samu ɗan sarari tsakaninsu. In ka wuce haka za su hau kan juna. Shi kuma asp yana hana hoton lanƙwamewa idan zanen ya fi faɗi a kan tsawo. Faɗi 10 tsawo 4 ya ba da 2.5, daga nan za ka fara, ka riƙa ƙarawa ko ragewa kana buɗe fayil ɗin da ggsave ya ajiye. Abin da ka gani a 'yar tagar RStudio, manhajar da ake rubuta R a cikinta, ba lalle ya zo ɗaya da shi ba. Reorder kuwa aikinsa ya ɗora Kano a sama. In babu shi R zai bi jerin haruffa.

Yanzu ƙara Jigawa, mai ƙananan hukumomi 27. Rabinta 13 da rabi, kuma uncount cikakkiyar lamba yake so. Kada ka cike ta zuwa 14 ka yi shiru, ka ƙara wa jihar ƙaramar hukumar da ba ta da ita ke nan. Hanya mai sauƙi ita ce ka yanke hoton gida biyu a kowace manhajar gyaran hoto, ka bar gefen dama fayau yadda faɗin fayil ɗin bai canja ba, ka ajiye shi da suna rabi.png, sannan ka sa shi a gurbi na 14 na layin Jigawa. Akwai kuma ƙunshin ggtextures na Claus Wilke, wanda geom_isotype_col ɗinsa ke yanke hoton ƙarshe da kansa daidai inda sandar ta tsaya, daga GitHub, shafin intanet na ajiye manhajoji, ake sauke shi. Rabi ido na ganewa. Amma in ka ga kana bukatar kashi ɗaya bisa bakwai na hoto, to alƙaluman ba na wannan zanen ba ne, koma kan sanda ta yau da kullum.

Wanda Excel kawai yake da shi ma bai rasa ba. Zana sandunan yadda ka saba, shiga Format Data Series, a ƙarƙashin Fill ka zaɓi cikawa da hoto, sannan ka danna Stack and Scale with, ka rubuta 2. In ka bar shi a kan Stretch, hoto ɗaya zai ja ya miƙe har ƙarshen sandar, ginin Kano ya fito dogo, na Zamfara ya takure. Kuma Excel ba zai rubuta maka cewa hoto ɗaya na nufin biyu ba, kai za ka sa wannan da hannunka a ƙasan zanen.