Bidiyon kyamara na kakkatsewa bayan an kwashe shi zuwa kwamfuta: kurakuran da aka fi yi

Abin da ke ɓata min rai a harkar kwashe tsoffin kaset shi ne mutum ya ga bidiyo na tsalle-tsalle, kawai sai ya mayar da kaset baya ya sake kwasa, ya sake, ya kuma sakewa, alhali bai ma san daga ina matsalar take ba. Zaren kaset ɗin MiniDV siriri ne sosai, wasu kuma sun haura shekara 20 a ajiye, duk zagayen da ya yi ƙara cinye shi ake. Don haka fara gano inda tsallen yake tukuna, a kaset ne, a hanya ne, ko wajen kallo ne kawai.

Gwajin ba wuya. Kalli wurin a ɗan allon kyamarar kanta. In can ma hoton na farfashewa gutsi-gutsi ko wasu ratsi a kwance na fitowa, toh ba ruwan kwamfuta, galibi kan da ke karanta kaset ne ya yi datti. Nemi kaset ɗin goge kai, kunna shi kamar daƙiƙa 10 ka cire, kar ka bar shi yana ta gudu don shi ma yana cin kan. Sannan duba ko a LP (saitin da ke tsawaita lokacin kaset) aka ɗauka ba SP na yau da kullum ba, LP kan ƙi karantuwa da kyau a kyamarar da ba ita ta ɗauka ba, in ta asalin na nan ita za ka nemo.

Sai kebul, nan ne aka fi faɗawa. Mutum ya ga ramin USB a jikin kyamara sai ya ɗauka shi ke nan, amma a yawancin kyamarorin MiniDV wannan ramin na kwashe hotunan kati ne, in ma ya turo bidiyo to ɗan ƙarami ne mai dishi-dishi. Asalin hanyar ita ce FireWire, wato IEEE 1394, Sony na kiranta i.LINK, wani lokacin DV kawai za ka ga an rubuta. Wannan kebul ɗin da ake tallatawa mai kan FireWire ɗaya kan USB ɗaya, don Allah kar ka saya, ba ya aiki, tsarin biyun ba sa jin yaren juna sam. In babbar kwamfuta ce ka sa mata katin FireWire na PCIe. Kuma ka kashe kyamarar kafin ka jona, ramin nata na ƙonewa da sauƙi.

Wani abin da ba a kula da shi, kaset ba ya jira. DV na zubo kusan megabit 25 a kowace daƙiƙa, awa ɗaya kusan giga 13 ke nan, in kwamfuta ta shagala da wani aiki ko na ƙiftawar ido ne firem ɗin (wato hoto ɗaya cikin jerin hotunan bidiyon) da ya wuce ya wuce, ba zai shiga fayil ɗin ba. Rufe burauza, dakatar da binciken antibayiros da OneDrive da sabuntawar Windows, laftof kuma ka jona shi a wuta don a batir yana rage ƙarfin kansa. Kar ka kwashe kai tsaye cikin filash. In kuma kullum yana tsayawa kafin minti 20, duba ko ma'ajiyar da kake kwasa a ciki mai tsarin FAT32 ce, ba ta ɗaukar fayil da ya wuce giga 4, mayar da ita NTFS ko exFAT amma ka kwashe kayanka tukuna. Masu sa manhaja ta riƙa matse bidiyo zuwa MP4 ana tsaka da kwasa su ma wahala suke jawo wa kansu, kwashe shi yadda yake a fayil ɗin AVI, matsewa daga baya. Manhajar kwasa ta WinDV ƙarama ce kuma tana nuna maka adadin firem ɗin da ya zube, in sifili ne to kwasar ta yi, ko da ɗan tagar kallon na cijewa.

Sau da yawa ma fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Ka ga hannu ya gilma sai gefensa ya yi haƙora-haƙora? Haka aka ɗauko shi, kowane firem an raba layukansa rabi-rabi, na sama da na ƙasa, don tsohuwar talabijin, kunna saitin haɗe layukan (Deinterlace) a manhajar kallo ta VLC ka zaɓi Yadif ya wuce. Wajen tacewa kuma, tsarin bidiyon iri biyu ne, PAL da NTSC, kar ka zuba kaset ɗin PAL mai firem 25 a aikin da aka saita a 30, ko NTSC mai 29.97 a 25, duk sanda kyamara ta juya sai ka ga hoton na ɗingishi. Cikin rabi biyun nan na layuka, DV da rabin ƙasa yake farawa, in ka fitar da shi da na sama a gaba motsi zai riƙa karkarwa kamar mai jin sanyi. Wannan saiti ne kawai za ka gyara ka sake fitarwa daga fayil ɗin AVI na farko, shi ya sa ba a goge shi ko da ya cinye wuri.